Kifin Gulbi, Na Kiwo Ko Na Ƙanƙara: Wanne Za Ka Saya, Kuma A Wane Wata?

Cikin watan Agusta ƙanwata da ke aure a Birnin Kebbi ta kira ni, muryarta kaɗai ta nuna ranta a ɓace yake. Ta ce, "Yaya, kai da ka tashi a bakin ruwa, don Allah gaya mini gaskiya. Na sa an sayo mini ragon ruwa na gulbi da tsadarsa, na yi farfesu, naman ya saki ya yi ruwa-ruwa, babu maiƙo, cikin duk ƙwai. Maƙwabciyata ta sayi tarwaɗar kiwo da kuɗin da bai kai nawa ba, kuma miyarta ta fi tawa. To ina amfanin kifin gulbin nan da kuke ta yabo?" Na ce mata kifin bai yi laifi ba, watan ne ba nasa ba. Mun daɗe a waya ranar, kuma tun daga lokacin nake son in zauna in rubuta abin da na faɗa mata, domin na ga mutane da yawa suna zuba kuɗin cefane a kan suna kawai, ba tare da sun duba lokaci ba.

Duk kasuwar da ka shiga a jihar nan ta Kebbi, daga Argungu zuwa Jega, daga Koko zuwa Zuru, kifi iri uku ne ke gabanka. Akwai na gulbi wanda masunta suka kamo da koma ko kalli ko birgi ko mamari. Akwai na kiwo, wanda kusan dukansa tarwaɗa ce da aka raina a kududdufi ko tankin siminti ko na tamfol. Sai na ƙanƙara da ke zuwa a kwali daga teku, irin su sukumbiya da shawa da kote. Banda kuwa ba iri na huɗu ba ce, hanyar ajiya ce, ana yi wa na gulbi ana yi wa na kiwo, amma dole in taɓo ta don a wasu watanni ita ce ke rufa wa tukunya asiri.

Dangin mahaifiyata masunta ne a wani ƙauye kusa da Argungu, daga baya kuma aiki ya zaunar da ni Yauri shekaru masu dama. Saboda haka na ci kifin ruwa biyu, kuma abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne ruwan nan biyu ba tafiyarsu ɗaya ba.

Gulbin Kabi, wanda ke gangarowa daga Sakkwato ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya karɓi Gulbin Zamfara da ya biyo ta Jega kafin ya faɗa Neja, ruwan damina ne ke ciyar da shi. Idan sama ta zauna sosai a Yuli da Agusta, sai ya tumbatsa ya malale fadamu. Wannan malalar ita ce rayuwar kifi gaba ɗaya. Da zarar sabon ruwa ya taso, kifi ke barin tsakiyar gulbi ya bi ciyawa don ya zuba ƙwai. Balli kan share wuri cikin ciyawa ya yi sheƙa ya tsare 'ya'yansa. Yauni ma sheƙa yake yi, mai yawo a kan ruwa, kuma duk masuncin da ya taɓa kusantarta a lokacin ya san zafin cizonsa. Uwar karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma duk tsawon kwanakin nan kusan ba ta cin komai. To kifin da ya juye ƙarfin jikinsa cikin ƙwai, ko wanda ya gama zubawa ya rame, shi ne ƙanwata ta saya. Ga shi kuma a wannan lokacin kifi ya watse cikin ciyawa, kamu ya yi wuya, masunta da yawa sun koma gonakin shinkafa da gero, abin da ya iso kasuwa kaɗan ne. Ka biya kuɗi mafi yawa a shekara, ka ɗauki nama mafi rauni a shekara.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, idan ya ga yaro ya shigo gida da kifi mai ƙwai a tsakiyar damina, ba ya faɗa da yawa. Cewa yake yi, "Ɗana, kihi da lokacinai, awa gero. Wa ka yanke gero tun bai nuna ba?"

Nunar kifin gulbi tana farawa ne da kaka. Watanni uku ko huɗu ya yi yana kiwo a fadama, yana cin ƙwari da tsutsa da 'ya'yan ciyawa da ƙananan 'yan uwansa, ya tara kitse. Daga ƙarshen Oktoba ruwa ya fara ja, kifi ya juyo yana neman gulbi, masunta suka tare hanyoyin da yake bi. Daga nan har cikin hunturu, wato Nuwamba, Disamba, Janairu zuwa Fabrairu, babu kifin da zai tsaya kusa da na gulbi a jihar nan. Ka yanka ragon ruwa ka ga kitse kwance a cikinsa rawaya. Ka dafa kurungu, romon ya kama leɓe. Giwan ruwa kuwa tsoka ce fara mai kauri, ƙaya kaɗan, tana ɓarewa falle-falle a baki, ko yaro ƙarami za ka ba shi hankalinka kwance. Kuma a watannin nan ne yake araha, domin kamu ya yi yawa. Ƙari a kan haka sanyin hunturu yana taimakon mai saye: kifin da aka fitar da asuba yakan kai hantsi da sauran lafiyarsa, abin da ba zai yiwu ba a watan Afrilu.

Yauri lissafinta daban ne, kuma mutanen arewacin jihar ba su cika sanin haka ba. Neja ambaliya biyu take yi a shekara. Ta farko ita ce ta ruwan damunarmu, mai laka, fari-fari, wadda ke kai ƙarshen cikarta wajen Satumba. Ta biyu ruwan da aka zuba ne can tsaunukan Gini, ya bi ta Mali ya yi watanni yana ratsa manyan fadamunta, lakarsa ta kwanta a hanya, sai ya iso mana garau cikin hunturu, shi ya sa ake ce masa baƙin ruwa. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwan nan yake taruwa ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, wanda ya cinye tsibirai da garuruwa ya sa aka tashi dubban mutane, har da Gungawa na ƙasar Yauri. Abin da wannan ke nufi ga tukunyarka shi ne, lokacin da gulbin Argungu ya koma guntayen tafkuna, Yauri da Wara da Zamare suna nan cike da ruwa, kuma jan ruwansu sai wajen bazara. Idan Maris ya shiga kifin arewa ya fara ƙaranci, mai hanyar Yauri bai rasa ba. Can ne kuma za ka fi samun falia da tsage da manyan giwan ruwa, da warangi, 'yan ƙananan nan farare da ake shanyawa a rana a auna a kwano.

Ba zan ɓoye aibin kifin gulbi ba don ina ƙaunarsa. Babban aibinsa ba ya jira. Daga lokacin da ya mutu agogo ya fara bugawa, kuma yawancin masuntanmu ba su da ƙanƙara a jirgi. Wanda ya faɗa kalli tun farkon dare ya mutu a ciki, kafin a ɗaga da asuba ya riga ya yi sa'o'i a ruwan ɗumi, ga shi za a jera shi tare da wanda aka kama yanzu. Don haka kada ka tsaya a kan "na yau ne" da mai sayarwa zai ce maka. Ɗaga marfin kunnen ka duba jan naman da yake numfashi da shi: idan ja ne wur, to, idan ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka yana yauƙi, ajiye. Ido ya kasance a cike yana sheƙi, ba ya faɗa ciki ya yi hazo ba. Danna tsokar baya da yatsa, ta taso ta koma yadda take. Ciki kada ya kumbura ko ya yi taushi. Kifi sabo ƙanshin ruwa yake yi, ƙarni mai hawa kai alamar ya fara tafiya ce.

Aibi na biyu ya fi ci mini rai, domin na mutane ne ba na kifi ba. Har yanzu akwai marasa tsoron Allah da ke zuba guba a ruwa, musamman a bazara idan kifi ya taru a tafki ɗaya. Maganin ƙwarin nan Gamalin ya daɗe da yin ƙaurin suna a wannan ta'asa, kuma doka ta hana. Guba ba ta zaɓe, tana kashe babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗo, ta bar ruwan da mutane da dabbobi ke sha a gurɓace. Abin da masunta na gaskiya ke lura da shi shi ne tulin kifi iri-iri a haɗe, manya da 'yan mitsi-mitsi, duk matattu, babu alamar koma ko ƙugiya a jikinsu, jiki ya saki da wuri, kuma farashi ya faɗi ƙasa da hankali. Ka ga haka, wuce. Araha ba ta ado, wannan kuwa har asibiti tana kaiwa.

Sai na kiwo. Na san akwai masu raina shi, ni ma a da ina cikinsu, amma adalci ya sa in faɗi abin da yake da shi wanda na gulbi ba shi da shi. Na farko, da ransa kake sayensa. Tarwaɗa tana shaƙar iska kai tsaye, tana iya yin sa'o'i a wajen ruwa muddin jikinta na da danshi, shi ya sa za ka tarar da ita tana motsi a baho a tsakiyar Zuru ko Aliero, inda babu babban gulbi kusa. Ka nuna wadda kake so, a yanka a gabanka. Duk binciken ido da kunne da na lissafa a sama ya faɗi. Na biyu, ba ta san damina ba, ba ta san rani ba. Mai kiwo yana zuba 'ya'ya, ya ciyar wata huɗu zuwa shida, su kai kilo ɗaya ko kusa da haka, ya kwashe ya sake zubawa. Na uku, girmansu ɗaya. Uwargidan da za ta ciyar da mutum hamsin a walimar suna tana iya lissafa yanka nawa za ta samu tun kafin ta bar gida, abin da mai jiran jirgin masunta ba zai taɓa iya yi ba. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan tarwaɗar, kuma a nan Kebbi ma matasa da yawa sun samu abin yi da ita, musamman a kewayen Yauri da Birnin Kebbi.

Ta wajen ɗanɗano fa, a nan ne za a yi gaskiya. Tarwaɗar kiwo ba ta yi iyo mai nisa ba, ba ta yi farauta ba, abinci ke zuwa ya same ta. Namanta ya fi taushi, kitsenta ya fi yawa kuma fari ne, yana taruwa a ciki, ɗanɗanonta kuma salam yake idan ka gwada da tarwaɗar fadama ko ramboshi na gulbi. Wannan taushin da maiƙon su ne suka sa ta dace da gashi: a tsaga ta, a cusa attaruhu da albasa da citta da tafarnuwa, a naɗe a ɗora a garwashi, kitsenta ya narke ya ratsa kayan haɗin. A farfesu ma tana yi, in dai an wanke yauƙin da ruwan zafi ko lemon tsami ko toka, an kuma sa kimba da masoro da ɗoɗɗoya da hannu sake, ba a yawaita juyawa ba don kada ta farfashe. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne romon da ke tsayawa da kansa da gishiri da albasa kawai. Wannan sai na gulbi a watansa.

Kyawun na kiwo yana hannun mai kiwon, kuma nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido. Abinci shi ne ke cinye mafi yawan kuɗin kiwon kifi, fiye da rabi nesa ba kusa ba, kuma tun da buhun abinci ya yi tsada wasu suka koma zuba kayan cikin kaji da mushen kaji da duk abin da suka samu. Wasu ba sa sauya ruwa a kan lokaci, kashi da ragowar abinci su ruɓe a ƙasa, gansakuka ta rufe sama, warin taɓo ya shiga naman ta yadda ko an zuba kayan ƙanshin duniya ba ya fita. Wasu kuma suna ba kifi maganin ƙwayoyin cuta su kwashe shi kasuwa ba tare da sun jira kwanakin da maganin zai bar jikinsa ba. Ni kaina na taɓa sayen irin wannan a wata gona da ba zan ambata ba, ranar da nake da baƙi, aka sauke tukunya babu wanda ya iya kai loma ta biyu. Tun daga ranar nake zuwa in ga ruwan da idona kafin in saya da yawa. Mai kiwo nagari ba ya jin haushin a leƙa tankinsa. Idan kuma a kasuwa ka saya kana shakka, kawo su gida da ransu, zuba su a ruwa mai tsabta kwana ɗaya ko biyu ba tare da abinci ba, kana sauya ruwan, cikinsu zai wanke, warin ya ragu sosai. Ka guji mai ciwo a fata, ko mai gashin baki a gutsure, ko wadda ta tsaya a tsaye a ruwa kai sama ba ta motsi.

Na ƙanƙara ba zan daɗe a kansa ba. Abin da ake kamawa da wanda ake kiwo a ƙasar nan bai kai abin da ake buƙata ba, shi ya sa jiragen ruwa ke shigo da sukumbiya da shawa da kote daga ƙasashe irin su Nowe da Holan da Rasha da Muritaniya, a sauke a Legas, a ɗoro a mota har nan. Kifi ne mai kyau a asalinsa, kuma man da ke jikin sukumbiya da shawa irin wanda likitoci ke yabawa ne don lafiyar zuciya, ya ma fi na tarwaɗa yawa. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa daidai aljihun kowa, ga saurin soyuwa, ga shi yana shiga miyar tumatir da dafa-duka da taliya ba gardama. Matsalarsa wuta ce. Tafiyar fiye da kilomita 800 daga teku, ga ɗaukewar lantarki, kwali ya narke ya sake daskarewa ya sake narkewa. Sukumbiyar da ta sha zafi tana tara wani sinadari da ke sa ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai jim kaɗan bayan ci, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe shi. Saya a wurin da ka ga injin sanyi yana aiki, kifin ya fito da tauri kamar itace, fata na ƙyalli. Wanda ya kwanta a tire tun safe yana zubar da jan ruwa, ƙuda na bi, bar wa mai shi.

To damina fa, mai son ɗanɗanon gulbi ya haƙura ke nan har kaka? A'a, nan ne banda ke shigowa, kuma iyayenmu sun daɗe da warware wannan. Lokacin da kifi ya yi yawa a hunturu ake banda shi, a ci a watannin da babu. Bandar Yauri ta yi suna har ana cika kwalaye ana kai ta Onica da Legas da Ilori. Tarwaɗar gulbi ko kurungu ko balli da aka banda da kitsen kaka a jikinsa, ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka ɓare ka zuba a miyar kuka ko kuɓewa busasshiya ko miyar sure da daddawa, a kan tuwon shinkafarmu, wallahi ya fi ɗanyen kifin Agusta nesa. Warangi ma a daka shi a zuba a miya, da ƙashinsa da komai ake ci, yana gina yara, kuma kwano ɗaya yana daɗewa. Sai dai banda ita ma tana da nata haɗarin. Ƙwaro na cin ta a ajiya, shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke fesa mata maganin ƙwari, abin da hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansa. Shinshina kafin ka saya. Hayaƙin itace ya kamata ka ji, ba warin magani ba. Tulin busasshen kifi a buɗe a kasuwa wanda ko ƙuda ɗaya bai kusance shi ba abin tuhuma ne. Karya ɗaya ka duba ciki: idan gari na zuba ƙwaro ya riga ka, idan da danshi da farin fumfuna bai bushe ba. Kuma kada wani ya ce maka wanki da ruwan zafi yana fitar da guba duka.

Akwai dalilin da ya wuce na baki da ya sa nake roƙon mutane su sassauta wa kifin gulbi a damina. Duk tarwaɗa mai ƙwai da aka yanka a Yuli, dubban 'ya'ya ne aka dafa a tukunya ɗaya. Tsofaffin masunta a Argungu za su gaya maka fadama ba ta cika kamar da tun da aka datse ruwa a sama, Bakolori a 1978, sannan Goronyo. Wurin haihuwar kifi ya ragu, masu kamu sun ƙaru, idon koma yana ta ƙanƙancewa har wasu na kamun kifi da gidan sauro. A tafkin Kainji sai da hukuma ta hana jan dala, wato babbar komar nan da ake ja zuwa gaɓa, saboda yadda take kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi. Mu masu saye muna da hannu a ciki, domin masunci ba ya kamo abin da ya san ba za a saya ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu a rufe ruwa. Kabawa sun san gyaran ruwa, sun san fashin ruwa, ranar da Sarkin Ruwa ke buɗe su bayan an bar kifi ya huta. Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi na Argungu da duniya ke zuwa kallo, ai sirrinta ke nan: ana tsare ta shekara guda babu mai jefa koma, sai ranar biki. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, ba zai fitar da giwan ruwa mai kilo 78 kamar na 2020 ba da a ce kullum ana cikin ruwan. Wasu ƙasashen ma haka suke yi da nasu abincin ruwan. A Gambiya, matan da ke ɓamɓaro wata halitta mai ɓawo biyu daga saiwar itatuwan bakin teku a Tanbi, kusa da Banjul, sun yarda a tsakaninsu wata huɗu kawai za su yi suna ɗiba, Maris zuwa Yuni, sauran takwas a bar ta ta girma. Mutanen Ingila da Faransa, da ke cin irin wannan halittar ɗanya, sun daɗe da al'adar ƙaurace mata daga Mayu zuwa Agusta, lokacin zafi da haihuwarta.

Wani zai ce to ni da kaina zan je in kama, ba ruwana da kasuwa. Madalla, babu kifin da ya kai wanda ka ciro da fatsarka daɗi, kuma yaran da suka tashi a bakin fadama sun san daɗin tono gaiwa a busasshen taɓo da rani, inda take binne kanta ta jira ruwa. Amma a nemi izinin masu ruwan, domin kowane tafki da mai kula da shi. A kuma sani cewa tsargiya, fitsarin jinin nan da ke damun yaran bakin ruwa, ba daga cin kifi take zuwa ba, daga shiga ruwan da ke kwance ne inda ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganinta sananne ne.

Da za a ba ni kuɗin cefanen gida a ce in tsara shekara, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba zan kalli tarwaɗar kiwo ba in dai ina Argungu ko Birnin Kebbi ko Bunza ko Yauri. Zan fita da sassafe in tari masunta, in sayi ragon ruwa ko kurungu don farfesu, karfasa don suya, giwan ruwa idan akwai baƙo ko mai jego ko tsoho da ƙaya ke ba shi wahala. Yauni zan bar wa ranar da aljihu ya yi nauyi, don 'yan kasuwar kudu sun ɗaga kuɗinsa, Yarbawa na darajanta shi ƙwarai a hidimar aure. A cikin watannin nan kuma zan sayi banda mai kyau daga hannun wanda na sani, in ƙara mata rana, in adana a wuri busasshe ina fito da ita lokaci-lokaci tana shan iska. Maris zuwa Mayu, idan zafi ya sauka, ɗanyen kifin gulbi sai wanda na ga an fitar da idona ko wanda ya zo da rai, kuma a dafa shi kafin azahar. A nan ne na fi tsoron guba da ruɓa. Daga Yuni zuwa Oktoba kuwa tarwaɗar kiwo mai rai da banda da na ajiye su za su riƙe gidan, sukumbiya ta shigo ranar da ake sauri. Wanda ke zaune nesa da ruwa, kamar Zuru ko Danko, ko a hunturu ma na kiwo mai motsi ya fi masa na gulbin da ya kwana a bayan mota babu ƙanƙara. Mai taron biki kuma, ko wane wata ne, ya tafi gona ya yi ciniki da kilo, hankalinsa zai fi kwanciya.

Ƙanwata ta bi shawarar, ta ƙarasa damina da tarwaɗar wata gona da mijinta ya je ya duba da kansa. Da Disamba ta kama na je ƙauyen kawunnena, na kwana, da asuba na bi ɗan kawuna bakin ruwa. Ragon ruwa biyu na zaɓa daga mamarin da ya ɗaga a gabana, suna numfashi. Nan take muka fasa cikin muka wanke, muka shimfiɗa ɗanyar ciyawa a kwando muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, na hau motar farko. Kafin ƙarfe tara ina ƙofar gidanta. Ta ɗauko kayan ƙanshi cike da faranti, na ce, "Mayar da rabi. Albasa, gishiri, attaruhu biyu da 'yar kimba sun isa, kuma kada ki juya da ludayi, girgiza tukunyar kawai." Da aka sauke, maigidan ya kurɓi romon ya ɗago ya dube ta, ya ce a zuba wa maƙwabciyar nan a kwano a kai mata.